Ƙugiyar zare kwanso: ƙaramin ƙarfen da ran soja ya rataya a kansa

A ƙarshen watan Afrilu da farkon Mayu na shekarar 1967, sojojin Amurka sun gwabza ƙazamin faɗa a kan wasu tuddai da ke kusa da Khe Sanh, a ƙasar Biyetnam ta Kudu, tuddan da ba su da suna a taswira sai lamba: 861 da 881. Da ƙura ta lafa, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira ya rubuta wasiƙa gida, wasiƙar kuwa ta kai har zauren majalisar dokoki a Washinton, aka karanta ta a bainar jama'a. Abin da ta ƙunsa shi ne, yawancin abokansa da suka mutu an tarar da su kusa da bindigoginsu a kwakkwance, alamar ajali ya riske su suna ƙoƙarin gyara. Bindigar sabuwa ce ful, sunanta M16, kuma cutar da ke damunta guda ce: a harba, ƙwaya ta fita, amma kwanso ya maƙale a ciki ya ƙi fitowa. Sojan da haka ta same shi, sai ya zura tsinken ƙarfe ta bakin bindiga ya zunguro kwanson, tamkar maharbin ƙauye mai ɗura baushe, alhali abokin gaba yana ta yi masa ruwan wuta.

Ƙarfen da aka ɗora wa alhakin fitar da kwanson bai kai ɗan yatsa tsawo ba. Faransawa na ce masa extracteur. A nan za a kira shi ƙugiya, domin aikin ƙugiya yake yi.

Abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanso, wanda galibi na tagulla ne, da albarushin da ke cikinsa, da ƙwayar da ke bakinsa, da ɗan maɓallin da ke gindinsa wanda ke kama wuta in an doke shi. Ana tura shi cikin wani ɗaki da ke gindin bututun bindiga, a rufe bayansa da sakata. Da an ja kunama, albarushi ya kama, matsin da ke tasowa a ɗakin nan ya haura kilo 3,000 a kan kowane santimita murabba'i, ga shi tayar mota kilo 2 ko 3 kawai ake hura mata. Wannan matsi yana kumbura kwanso har ya manne da bangon ɗaki. Da gangan aka yi shi haka, domin mannewar ce ke hana wuta dawowa fuskar mai harbi. Bayan ƙwaya ta fice, matsi ya faɗi, sai tagulla ta ɗan tsuke ta saki bango. A daidai wannan lokaci ne ake so sakata ta buɗe, ƙugiyar da ke goshinta, wadda tun farko ta kama leɓen gindin kwanso, ta jawo shi baya, wani ɗan ƙarfe kuma ya tunkuɗe shi waje.

Ke nan aikin ƙugiya ya dogara ga abubuwan da ba a hannunta suke ba. Idan sakata ta buɗe da wuri, kwanso bai saki bango ba tukuna. Idan ɗakin ya yi tsatsa ko ya cika da baƙin toka, tagulla takan shige cikin ramukan ta kafe. A irin wannan hali ɗayan biyu ne: ko ƙugiya ta suɓuce ta bar kwanso, ko ta yage leɓen ta taho da ɗan guntu. Sakata kuma ba ta san abin da ya faru ba, sai ta ɗauko sabon harsashi ta cusa a bayan tsohon. Bindiga ta zama sanda.

Matsalar ta girmi M16 nesa ba kusa ba. A watan Janairun 1885, a faɗan Abu Kilya cikin hamadar Sudan, sojojin Ingila da ke kan hanyar ceto Gordon a Hartum sun sha wuya a hannun mayaƙan Mahadi, bindigoginsu ƙirar Martini-Henry suna ta cijewa. Kwanson lokacin da siririn fallen tagulla ake naɗe shi, kuma in bindiga ta yi zafi, ga rairayi, sai ya maƙale ko gindinsa ya tsinke. Daga baya aka koma kwanso mai jiki ɗaya, aka kuma tsawaita hannun buɗe bindigar domin ya ƙara ƙarfin ja. A Jamus kuwa, Paul Mauser na garin Oberndorf ya ɓullo wa abin ta wata hanya a bindigarsa ta 1898: doguwar ƙugiya mai faɗin baki, wadda ke cafke harsashi tun yana tasowa daga ma'ajiya, ba ta sakinsa sai ta jefar da kwanson. Shi ya sa mafarautan manyan namun daji, masu fuskantar ɓauna da zaki, suka daɗe suna fifita wannan ƙira. Kamfanin Winchester ya cire irin wannan ƙugiya daga bindigarsa Model 70 a 1964 domin rage kuɗin ƙira. Masu saye suka yi fushi, tsofaffin da aka ƙera kafin shekarar suka fi sababbi tsada a kasuwa, har sai da kamfanin ya dawo da ita a farkon shekarun 1990.

Laifin da aka yi a biro

A koma kan M16. Eugene Stoner da abokan aikinsa a kamfanin ArmaLite ne suka zana ta a ƙarshen shekarun 1950, kamfanin Colt ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1959. Tana sarrafa kanta ne da hayaƙin harbi: akwai ɗan rami a jikin bututu, wanda ke tsotsar hayaƙi ya bi da shi ta siririn tiyo ya dawo ya tura sakata. An auna komai nata bisa albarushi iri guda, IMR 4475 na kamfanin DuPont. Amma hukumar soja ta shata wa ƙwaya gudun da wannan albarushi ba ya iya kaiwa kullum ba tare da matsi ya wuce iyaka ba. Maimakon a sassauta sharaɗin da ke kan takarda, sai a 1964 aka amince da wani albarushi, WC846 na kamfanin Olin, mai ƙwayoyi kamar gero, wanda ya fi araha domin ana iya yin sa daga tsohon albarushin da aka sake sarrafawa.

Sabon albarushin ya cika sharaɗin gudu, amma ya fi jinkirin ƙonewa, saboda haka hayaƙin da ke isa ramin nan ya fi ƙarfi. Bindigar da aka tsara ta yi harbi 800 ko ƙasa da haka a minti ɗaya sai ta koma tana kusantar 1,000. Sakata tana buɗewa kwanso bai huce ba. Ga kuma sinadarin alli da ake zuba wa albarushin domin ya jure ajiya, wanda ke barin ƙazanta a cikin tiyo. Wannan ɗaya.

Na biyu, ba a shafe ɗakin harsashi da kurom ba, alhali sojan Amurka ya koyi darasin tsatsa tun yaƙin duniya na biyu a tsibiran Pasifik, kuma M14 da ta gabace ta tana da wannan shafe. A ƙasa mai damina kamar Biyetnam kwanaki kaɗan sun isa ɗaki ya fara cin tsatsa. Na uku, an raba bindigar ba tare da isassun kayan gogewa ba, magana kuma ta bazu a cikin sojoji cewa wai tana wanke kanta da kanta.

Amma abin da ya fi muni shi ne wanda kwamitin majalisa, ƙarƙashin ɗan majalisa Richard Ichord na jihar Misuri, ya bankaɗo a rahotonsa na Oktoban 1967. Da aka ga bindigogi suna faɗuwa gwajin karɓa saboda yawan gudu, sai aka ƙyale kamfani ya ci gaba da gwada su da harsashi mai tsohon albarushi, ana buga musu hatimi, ana tura su fagen daga inda sabon albarushi kaɗai ke jiran su. Kwamitin ya ce sakacin ya yi kusa da zama laifin da ake hukunta mutum a kansa. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama cikin kwamitin amsar kayan kwangila ya san yadda ake irin wannan: takarda ta cika, sa hannu ya cika, kaya kuwa Allah ya kyauta.

Abin lura a nan shi ne, gyaran da ya warkar da bindigar bai tsaya kan ƙugiya ba. An ƙara wa ƙarfen da ke bayan sakata nauyi domin ya rage gudu, an shafe ɗaki da kurom daga 1967, an rage alli a albarushi, an raba tsinke da buroshi da mai. A 1968 ma har ɗan littafi mai zane-zanen ban dariya aka buga wa sojoji, na hannun mai zane Will Eisner, domin koya musu goge bindiga. Ita ce dai bindigar da jikokinta ke hannun sojojin Amurka har yau.

Yadda gwani ke bin sawun cuta

Shi ya sa maƙerin bindiga da ya san aikinsa ba ya fara da cire ƙugiya. Kwanson da aka harba yake fara nema, domin shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Idan leɓen ya lanƙwashe ko ya yage, to ƙugiya ta yi aikinta har ta wuce, kwanso ne ya ƙi saki, sai a duba ɗaki ko a duba saurin buɗewar sakata. Idan jikin kwanson ya fito da ƙuraje ko zane-zane, hoton bangon ɗaki ne ya ɗauko, akwai tsatsa ko kaushi. Idan kuwa leɓen lafiya lau yake amma an bar kwanso a ciki, kuma ɗan taɓi kaɗan ya fito da shi, a nan ne ake zargin ƙugiya: ko bakinta ya cinye, ko datti ya taru a ƙarƙashinta, ko ɗan sifirin da ke danna ta, wanda makanikai ke kira resor, ya gaji. Sau da yawa ma canza harsashi kawai yake raba gardama.

Akwai inda ƙara wa ƙugiya ƙarfi ya zama dole. A 1994 sojan Amurka ya karɓi M4, ƙanwar M16 mai gajeren bututu, santimita 37 maimakon 51. Da bututu ya gajarta, ramin hayaƙi ya matso kusa da ɗaki, matsi ya ƙaru, sakata ta koma buɗewa da garaje, tsohuwar cuta ta sake leƙowa, musamman in bindiga ta yi zafi. Maganin da aka samu abin mamaki ne don ƙanƙantarsa: sifiri mai ƙarfi, da ɗan tsinken roba a cikinsa, da wani zoben roba da bai kai ƙwayar wake ba, wanda ake zagaye sifirin da shi. An fi danganta zoben da cibiyar sojan ruwa ta Crane a jihar Indiyana. Kuɗinsa bai kai na shayi da burodi ba.

Sai dai wannan zobe ya zama annoba a hannun ƴan koyo, masu ganin ƙarfi shi ne magani. Ƙugiya fa aiki biyu take yi. Kafin ta ja kwanso, sai ta fara hawa kan leɓensa lokacin da sakata ke rufewa. In an cika mata tauri, sakata ba za ta rufe sosai ba, ko kuma ta riƙe kwanso ta hana shi fita lokacin da ya kamata a tunkuɗe shi. An warkar da ciwon kai an jawo ciwon ciki. Haka nan bindigar da hayaƙi ya yi mata yawa, ƙara wa ƙugiya ƙarfi rufe ciwo ne kawai, leɓen kwanso ne zai ci gaba da biya.

Mikhail Kalashnikov ya kauce wa yawancin wannan wahala tun a zane. Kwanson harsashinsa mai lamba 7.62×39 tsukakke ne ta gaba kamar turmin da aka kifa, da ya motsa kaɗan ya rabu da bango gaba ɗaya. Ƙugiyar babba ce, cikin bututu shafe yake da kurom, sassan kuma an bar musu sarari, ƙurar hunturu ta samu wurin zama ba tare da ta tsayar da aiki ba. An biya wannan da ɗan raguwar saiti, amma kwanso yana fita.

Ina ake samo ta?

Ɗan kasuwar da ke sayar da kayan babur a Maraɗi ya san bambancin na asali da na kwaikwayo, ya kuma san ido ba ya rarrabe su. A ƙugiya abin ya fi tsanani, domin sirrinta yana cikin wuta da ruwan da aka ba ƙarfen. In ya yi laushi, baki zai cinye bayan harbi kaɗan. In ya yi tauri fiye da kima, zai karye kamar kwalba, kuma ba ya yin sallama kafin ya karye. Maƙerin da ya ƙware yana iya feƙe ƙarfe ya fitar da siffar tsaf, amma ba shi da abin auna taurin.

Hanyoyin samu ba su da yawa. Wanda ya ƙera bindigar shi ne na farko, in yana raye. In ya mutu, sai tsofaffin kayan soja da aka kwance, kuma a Amurka akwai gidajen da suka shahara a wannan sana'a, irin su Numrich a jihar New York. Sai kuma masu ƙera kwafi, waɗanda a cikinsu akwai na ƙwarai akwai na banza. Ko a kayan asali ma suna yana yaudara. An ƙera bindigogi ƙirar Mauser a Jamus, da Herstal ta Beljiyam, da Brno ta Cekoslobakiya, da Kragujevac ta Yugoslabiya. A ido duk ɗaya suke, amma M48 ta Yugoslabiya sakatarta ta fi ta Jamus gajarta kaɗan, ba sa musanya. Ƙugiyar AKM ba ta zama a kan AK-74, domin gindin harsashinsu ba faɗi ɗaya ba ne. Wanda kuma ya ce bari ya huta ya canza sakatar ɗungum, ya shiga wani babi mai haɗari, domin tazarar da ke tsakanin goshin sakata da ɗaki da ma'auni na musamman ake duba ta, in ta yi yawa kwanso yana iya fashewa a fuskar mai harbi.

A wannan yanki namu kuwa akwai katangar doka, kuma da dalili. Ƙugiya ba fulogin babur ba ce da za a cusa cikin kwali a wuce da ita gaban duwan. Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, a 1994, aka kuma ƙona makamai a bikin wutar zaman lafiya na Agadas ran 25 ga Satumban 2000. Ƙasashen CEDEAO sun dakatar da shigo da ƙananan makamai a 1998, suka mayar da dakatarwar yarjejeniya a 2006, wadda ta haɗa har da sassan gyara. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, amma riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma sayen kayan gyaran bindigogin gwamnati aikin ma'ajiyar makamai ne. Can ne tambayar take da nauyi. MAS 36, bindigar da Faransa ta bar wa jandarma da masu gadi a ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka, an daina ƙera ta tun shekarun 1950. Bindiga irin wannan in ƙugiyarta ta karye, ba inda za a samo wata sai a jikin ƴar'uwarta, a kashe ɗaya a rayar da ɗaya.

Darasin da Faransa ta biya

Kada a ɗauka ƙananan ƙasashe kaɗai abin ke ci. FAMAS, wadda sojojin Faransa suka yi wa laƙabi da begila saboda siffarta, ta shiga aiki a ƙarshen shekarun 1970, kuma mutanen Yamai sun sha ganin ta a kafaɗar sojojin Faransa. Tana da wata dabara mai kyau: ana iya mayar da ƙugiyarta daga dama zuwa hagu domin bahago. Amma sakatarta ba ta kullewa ƙam, jinkirta ta kawai ake yi, saboda haka tana fara jan kwanso tun matsi bai gama sauka ba, kuma da ƙarfin tsiya. Domin haka aka tsaga ƴan layuka a bangon ɗakin, aka kuma yi mata harsashi na musamman mai kwanson baƙin ƙarfe, wanda ke jure fizgar da tagulla ba kullum take jurewa ba.

Muddin Faransa tana ƙera harsashinta, komai lafiya. Sai aka rufe masana'antar ƙananan harsasai ta Le Mans a ƙarshen shekarun 1990, aka rufe ta bindigogi ta Saint-Étienne a 2001, bisa lissafin cewa saye a waje ya fi araha. Harsashin da ke kasuwar duniya kuwa yawancinsa mai kwanson tagulla ne, ƙwayarsa ma ta fi wadda aka tsara wa bututun FAMAS ta farko nauyi. Aka shiga ƙorafin cijewa da rashin saiti, kuɗin kayan gyara yana ta hawa, ga masana'antar da ta haifi bindigar babu ita. Ingila ma ta sha makamancin wannan da SA80, wadda rairayin yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya tona wa asiri, har a shekarar 2000 aka ba kamfanin Heckler & Koch aikin gyara kimanin guda 200,000, ƙugiya da sifirinta suna cikin abubuwan da aka sauya.

A watan Satumban 2016 Faransa ta yanke shawarar ajiye FAMAS. Ta ba wannan kamfani na Heckler & Koch kwangilar bindigogi kimanin 100,000 ƙirar HK416F, aka fara kawo su a 2017, kuma a wannan karon an rubuta kayan gyara da kula da bindigar a cikin kwangilar tun farko. Kamfanin yana Oberndorf, garin Paul Mauser. Bindigar kuwa jikar M16 ce: an sauya mata hanyar hayaƙi, amma sakatarta da ƙugiyarta suna nan bisa zanen Stoner.